Shirin Hawan Dutsen Kufena

Mutumin Bugaje ya saba da tafiyar rairayi. Amma hawan dutse irin Kufena, kusa da Wusasa a Zariya, daban yake.

Fara hawa da sassafe, kafin dutse ya ɗauki zafi. Riƙi gorar ruwa da ƙuli-ƙuli ko dabino. Sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifa. Nemi ɗan gari ya yi maka jagora.

Kada ka hau bayan ruwan sama, domin dutse yana santsi. In ka ji jiri, zauna ka huta.

Saukowa ta fi hawa haɗari, saboda ƙafa ta riga ta gaji. Don haka ka juyo tun da sauran rana, ko ba ka kai ƙololuwa ba. Dutse ba ya gudu.