Aikin Gida Da Aiken Kasuwa: Makarantar Da Muke Rufe Wa 'Ya'yanmu

A gidajen ma'aikata da 'yan boko na wannan zamani an wayi gari ana ganin gata ne a hana yaro taɓa tsintsiya. 'Yar aiki ke shara da wanke-wanke, maigida ko direba ke yin cefane, shi kuwa yaro daga makaranta sai darasin yamma, daga nan sai gaban talabijin ko wayar hannu. Iyaye na yin haka da kyakkyawar niyya, don kada wani abu ya ɗauke masa hankali daga karatu. To amma a matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin akwai wata makaranta da muke rufewa ba mu ankara ba, wadda a cikinta yaro ke tara kalmomi, yake kuma koyon ƙaga abin da babu shi a gabansa.

Mu ɗauki aike zuwa Babbar Kasuwar Katsina. Yaro ɗan shekara 10 da aka ce ya sayo tiyar gero da daddawa da kuka da kayan miya, dole ya riƙe saƙon a ka, ya bambance wajen masu awo da na 'yan gwari da na mahauta. Zai ji an taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sallama, mai saye ya nemi gyara. Zai ji Katsinanci, ya ji Hausar baƙon da ya tsallako daga Maraɗi ta Jibiya. In ya dawo sai ya yi bayanin yadda kuɗi suka tafi. Da yamma za ka tarar ya tara ƙannensa a tsakar gida an buɗe kasuwa: yashi ya zama gero, gwangwanin madara ya zama mudu, murfin kwalba ya zama kuɗi, shi ne mai kaya yana rantsuwa bai ci riba ba.

Wannan wasa ba shirme ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, a wata lacca da ya gabatar a 1933, ya nuna cewa ranar da yaro ya hau sanda ya kira ta doki, ranar ce ya fara raba ma'ana da abin da ido ke gani. Wannan kuwa shi ne tushen karatu da lissafi, domin harafi da lamba alamomi ne da ke tsayawa a madadin wani abu. Bahaushe ya daɗe da sanin dokin kara da motar kara da 'yar tsana da tuwon ƙasa. Abin lura shi ne dukkansu kwaikwayon aikin manya ne. Yarinyar da ba ta taɓa tsugunawa kusa da murhu ba, da me za ta gina tuwon ƙasarta?

Sai kuma batun kalmomi. Tsakanin damin gero da malmalar tuwo akwai sussuka da sheƙa da surfe da bakace da niƙa da tankaɗe da talge da tuƙi da kwasa, kowace kalma da aikinta. Ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi kusan 39,000, ya adana irin waɗannan, amma kalma ba ta rayuwa a ƙamus sai a hannun mai aiki da ita. Ina tarar da ɗalibai a aji, Hausawa gaba da baya, waɗanda ba za su iya bambance sheƙa da bakace ba. Irin wannan ɗalibi in an ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, zai haddace, amma hoton ba ya zuwa masa. Haka kacici-kacici: wanda gas kaɗai ya sani, yaya zai gane cewa uku-uku gama gari murhu ake nufi?

Tatsuniyoyinmu ma da yawansu daga aike suke farawa. An aiki yarinya ɗebo ruwa ko itace, sai ta gamu da abin mamaki a hanya. Wanda ya duba jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya zai ga haka. Sunan Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam na 1934, daga tatsuniyar yarinyar da aka tura wanki wani ruwa mai nisa ya samo asali.

Sai dai wannan tatsuniya tana ɗauke da gargaɗi, domin aiken mugunta aka yi wa yarinyar. Akwai aikin da ke gina yaro, akwai mai karya shi. Yarinyar da ke wuni da faranti a ka tana zagaya kasuwa a lokacin makaranta, ba basira ake koya mata ba, ƙuruciyarta ake cinyewa, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana sa yara talla. Mu kuma tambayi kanmu: 'yar aikin da ke ɗauke wa 'ya'yanmu shara, shekarunta nawa? Sau da yawa sa'arsu ce da aka ɗauko daga ƙauye. An yi wa ɗaya lodin da ya fi ƙarfinta, an hana ɗaya abin da zai amfane shi.

Shawarata ga iyaye mai sauƙi ce. A ba yaro aiki daidai shekarunsa, mace da namiji: tsintar shinkafa, ninke tufafi, ba kaji tsaba, shara. A riƙa yi tare da shi ana hira, ana kiran kowane abu da sunansa na Hausa. Ranar Asabar a bar kantin zamani, a shiga Babbar Kasuwa da shi, a bar shi ya taya da bakinsa. In ya dawo ya kwashe gwangwanaye ya baje kolinsa a tsakar gida, kada a kore shi don ya ɓata wuri. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriya.