Yadda Ake Tura Kaya Rukuni-Rukuni a FlexSim

Yau muna kan FlexSim, manhajar da ake gwada aikin masana'anta a kwamfuta kafin a zuba kuɗi.

A ce kana son kwali 10 su tafi injin farko, 10 na gaba su tafi na biyu. To, in ka zaɓi Round Robin, ɗaya nan ɗaya can za ta riƙa turawa, rukunin ya watse. Ni dai, lambar rukuni nake liƙa wa kowane kwali, ƙofar fita ta duba: mara ya tafi na farko, cika na biyu. In ba haka ba, lissafin zai karkace, har ka sayi injin da ba ka buƙata.

Sai shiri na gaba.