Ziyarar Kaburbura a Omdurman da Hartum

Mutumin Omdurman ba ya gudun maƙabarta. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, duk yammacin Juma'a, in ba cikin azumi ba, farfajiyar ƙubbar Shehu Hamad al-Nil kan cika maƙil. Da la'asar sakaliya muridan Ƙadiriyya ke fitowa da tutoci, sanye da riguna kore da ja, wasu masu faci-faci, ga dogayen carbi rataye a wuya. Sai a ɗauki ganguna da bandiri, a yi da'ira ana hailala, mai kaskon turaren wuta na zagayawa, kowa na jawo hayaƙin da hannu yana shafawa a fuska. Mata masu shayi sun kafa kujerunsu dab da kaburbura, yara na guje-guje. Kiran sallar magariba ne ke tayar da taron.

Kabarin talaka kuwa tudun ƙasa ne, da dutse tsaye a wajen kai, wani a wajen ƙafa. A wurare da dama akan zuba masa farar tsakuwa, a kafa ganyen dabino. Da safiyar salla dangi kan je su yi Fatiha, su yayyafa ruwa, wasu su bar ɗan kwano da ruwa don tsuntsu ya sha, mamaci ya samu lada. Mai neman haihuwa ko waraka kan tafi ƙubbar shehi, ya ɗebo ɗan rairayi don tabarruki. Malaman Ansarus Sunna na kyarar wannan, kuma wanda ya san muhawarar Izala da 'yan ɗariƙa a ƙasar Hausa ya riga ya san hujjojin kowane ɓangare.

Dutsen nan da tsakuwar sun girmi Musulunci a wannan ƙasa. A Karma, can arewa, shekaru kusan 4,000 da suka wuce, ana kewaye kabari da baƙaƙen duwatsu a kafe, a cike tsakaninsu da farar tsakuwa.

Akwai ma waɗanda suka fi waɗannan tsufa a bakin Hartum, sai dai ba su da mai kai musu ziyara. A Kadaro, ƙasa da kilomita 20 arewa da birnin, masana daga ƙasar Folan ƙarƙashin Lech Krzyzaniak sun fara tono a 1972, suka buɗe kaburbura fiye da 200 na makiyayan da suka rayu shekaru wajen 6,000 baya. An binne su a takure, gwiwa na dab da ƙirji. Masu hali a cikinsu sun tafi da tukwane, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya ja, da kawunan kulki na dutse. A al-Khidai, kudu da Omdurman a gaɓar Farin Nilu, an samu gawarwakin da suka fi na Kadaro daɗewa, an kwantar da da yawansu rub-da-ciki.

Tambayi ɗan ƙauye game da tsoffin tuddai irin waɗannan, sai ya ce na Anaj ne, mutanen da suka riga Larabawa zama a ƙasar. Ba ya yi musu Fatiha, ba ya kuma neman albarkarsu. Kafin yaƙin, masu zuwa wurin su ne ɗaliban Jami'ar Hartum da Turawa masu cebur da buroshi. A ganina wannan sakaci ne irin wanda muke yi wa tuddan Durɓi Takusheyi a Katsina, waɗanda baƙo daga Jamus ya fi ɗan gari sanin abin da ke cikinsu.

Wani kaso na kayan Kadaro yana gidan tarihi na birnin Poznan a Folan. Gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum kuwa an wawashe shi a lokacin yaƙin, kuma sai da soja suka karɓe birnin a watan Maris na 2025 aka ga girman ɓarnar.