Ribah da Kasuwar Duniya: Yadda Giɓin Arziki Ke Ɗaukar Sunan Ƙabila

Abin da masana ke kira dunƙulewar duniya shi ne yadda kaya da kuɗi da labarai suke ratsa iyakokin ƙasashe cikin sauri, har farashin da aka yanke a Landan ko Dubai ya shafi manomin da bai taɓa barin ƙauyensu ba. Amy Chua, malamar shari'a a Jami'ar Yale ta Amurka, ta nuna a littafinta World on Fire cewa buɗe kasuwanni kan tara dukiya a hannun ƙabila 'yar tsiraru, sai masu rinjaye su ƙullace ta, kamar yadda aka far wa shagunan 'yan asalin Sin a Indunusiya a 1998. Ribah, hedkwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, ta dace a auna wannan ra'ayi a kanta.

Wahalar farko ita ce tantance wane ne ɗan tsiraru, domin amsar tana sauyawa gwargwadon inda mai tambaya ya tsaya. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari, su ne masu yawa a ƙasar Zuru, amma 'yan tsiraru ne a jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991, inda Hausawa da Fulani suka fi rinjaye. Haka nan kowane ɓangare yana da irin tasa dukiyar: ta manomi ƙasa ce da ƙarfin damtse, kamar yadda al'adar golmo ta nuna, inda saurayi ke yi wa surukinsa noma na shekaru kafin a ba shi mata, ta makiyayi garke ne da ke tafiya a idon kowa, ta ɗan kasuwa kuwa jari ne da sanin farashin birni, wanda da shi yake sayen dawa da masara da araha lokacin kaka a kasuwannin Ribah da Bena.

Kasuwar duniya ta shigo wannan zama ta ƙofar maƙwabciya Zamfara. Tashin farashin zinariya bayan 2008 ya cika ramukan Anka da Bukkuyum da masu haƙa, kuma a 2010 gubar dalma, wato ƙarfen da ke cakuɗe da dutsen zinariyar, ta kashe yara sama da 400. Rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 ta ƙara yawan bindigogi a yankin Sahel, yayin da babura da wayoyin salula masu araha suka sauƙaƙa wa ɓarayin daji kai hari da neman kuɗin fansa. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sanya a Zamfara a 2019 bai hana wutar tsallakowa ba: a Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan Danko/Wasagu, a Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a Sakaba, sannan a Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga.

A nan ne ra'ayin Chua ya gaza ɗaukar Ribah gaba ɗaya, saboda ribar zinariya da bindiga da shanun sata tana tafiya ne ga dillalan da ke nesa, waɗanda mutanen ƙauye ba su san fuskarsu ba, alhali fushin yana sauka kan maƙwabcin da ake gani. Makiyayin da aka kore wa garke da manomin da ya bar gonarsa ya yi gudun hijira zuwa Ribah duk sun talauce a hannun ɓarayin daji, amma idan aka laƙaba wa laifin sunan ƙabila, sai ramuwar gayya ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka tura sojoji kaɗai ba zai wadatar ba, sai an bi sawun kuɗin har zuwa wurin mai sayen zinariya da mai karɓar shanun sata, an shata burtali da labi bisa yardar hakimai da ardo-ardo, an kuma hukunta mai laifi da sunansa, domin danginsa su sami damar ci gaba da cin kasuwa ɗaya da maƙwabtansu.