Sandar Lokaci a Manhajar Sauti da Amfaninta ga Manazarcin Adabin Baka

Duk wanda ya taɓa mayar da waƙar baka ko hira zuwa rubutu ya san cewa rabin aikin komawa baya ne. Wannan maƙala ta dubi siririn layin nan mai ɗigo da ke ƙasan manhajar sauti, wanda a nan aka kira sandar lokaci, da abin da ya kamata a kula da shi wajen saka shi a manhajar waya.

Sandar tana aiki ta fuska biyu. Manhaja kan karɓi tsawon sautin daga injin da ke kunna shi, a Android da ma'aunin kashi ɗaya bisa 1000 na sakan, ta mayar da shi iyakar sandar, sannan ta riƙa gusar da ɗigon gwargwadon inda aka kai. A ɗaya fuskar kuwa, mai sauraro ne ke jan ɗigon, manhaja ta umarci injin ya tsallaka. Idan ba a bambance motsin manhaja da na yatsa ba, sai sautin ya riƙa sarƙewa, ko ɗigon ya riƙa kufce wa mai ja. Maganin shi ne a dakatar da gusarwar da zarar yatsa ya taɓa, a jinkirta tsallakawar har sai an ɗaga shi.

Sai dai babbar matsalar manazarci ta lissafi ce. Hirar awa ɗaya sakan 3600 ce. A ƙaddara yatsa na iya bambance gurbi 300 a faɗin waya. Kowane gurbi ya haɗiye sakan 12 ke nan. A cikin wannan ɗan lokaci makaɗi ya kai ƙarshen ɗan waƙa, 'yan amshi sun karɓa, kalmar da ake son tantance karin sautinta ko tsawon wasalinta ta wuce. Don haka sandar ita kaɗai ba ta wadatar. Tilas a haɗa ta da maɓallin komawa baya na sakan 3 ko 5, da lambobin da ke nuna minti da sakan yayin ja.

Nau'in fayil ma yana da tasiri. A MP3 da yawan bayanansa ke sauyawa daga sakan zuwa sakan, injin kan yi kirdadon wurin sauka, har mintin da mai bincike ya ambata a kundinsa ya saɓa wa abin da mai duba shi zai ji. WAV da ba a matse ba ya tsira daga wannan, ko da yake yana cin wuri a waya.