Zanen Fure a kan Yadin Jins: Yadda Launin Yadi ke Sauya Kamannin Fure

Gabatarwa

Mai sayen tufa yakan ga zanen fure a kan wandunan jins guda uku, shuɗi da baƙi da fari, ya ɗauka zane uku ne daban-daban, alhali kuwa zane ɗaya ne aka buga da tawada iri ɗaya. Wannan takarda za ta bayyana dalilin haka. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, launin da ido ke gani haɗin abu biyu ne, wato tawada da kuma launin yadin da ta hau. Mai bugun zane da bai san wannan ba yana iya ɓata bandir guda kafin ya gane kuskurensa.

1. Yadda yadin yake

Yadin jins, wanda ake kira denim, saƙar auduga ce mai kauri. Ana danganta sunan da birnin Nim na ƙasar Faransa. Wandon kuwa ya fara shahara ne a Amurka bayan shekarar 1873, lokacin da Levi Strauss da Jacob Davis suka yi rajistar dabarar ƙarfafa bakin aljihu da ƙananan ƙusoshi.

A wajen saƙar, zaren da ke miƙe a tsawon yadi shi ake rinawa da shuni, wanda ke ratsa shi a kwance kuma a bar shi fari. Shi ya sa fuskar yadin take shuɗiya, bayansa kuma fari-fari. Shunin nan shi ne dai wanda marina irin na Ƙofar Mata a Kano suke samu daga ganyen baba, sai dai tun daga 1897, da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, shi ne ya mamaye kasuwa. Wani abin lura shi ne, shuni ba ya ratsa zaren jins har ciki. Bayan zaren kawai yake kamawa, cikinsa yana nan fari.

2. Tawada iri biyu

Akwai tawada mai ruwa-ruwa wadda zare ke sha, ana hango launin yadi ta cikinta. Akwai kuma mai kauri wadda ke zama bisa yadi ta rufe shi. Ta farko tana barin yadi da laushi, amma launin yadin yana gauraya da nata. Ta biyu tana riƙe launinta, amma tana sa wurin ya yi tauri, kuma takan tsage idan tufa ta tsufa. Don a sami launi na gaskiya a kan yadi mai duhu, sai a fara shimfiɗa farar tawada daidai siffar furen, sannan a ɗora sauran launuka a kanta.

3. Kowane launi da halinsa

A kan farin jins, fure yana fitowa kusan yadda aka zana shi a takarda. Ruwan hoda da rawaya da kore mai haske duk suna bayyana ba tare da shimfiɗa ba. Farin fure ne kaɗai yake ɓacewa, sai an kewaye shi da layi mai duhu.

A kan shuɗi mai haske, wato wanda aka riga aka koɗar, tawada mai ruwa-ruwa tana ɗan sauyawa. Rawaya tana karkata zuwa kore, ja kuma ya koma wajen shunayya. Zanen yakan yi kama da wanda ya daɗe a jikin tufa, kuma akwai masu son haka.

A kan shuɗi mai duhu, tawada mai ruwa-ruwa kusan nutsewa take yi. Jan fure ya zama duhu-duhu, koren ganye kuma ya saje da yadin. Amma idan an yi farar shimfiɗa, ruwan goro da rawaya suna fitowa fes, domin ruwan goro kishiyar shuɗi ne a tsarin launuka. Masanin nan na Faransa, Michel-Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini na masaƙar Gobelins a Faris, ya bayyana a littafinsa na 1839 cewa launuka biyu da ke maƙwabtaka kowane yana sauya yadda ido ke ganin ɗan'uwansa.

Baƙin jins kuwa galibi da rini mai sinadarin farar wuta ake yin sa. A kansa farin fure da ruwan hoda suna haskawa fiye da ko'ina, shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa kuma su ɓace.

4. Fure ba tare da tawada ba

Da yake cikin zaren fari ne, ana iya fitar da fure ta hanyar cire shuni. Wasu masana'antu suna amfani da sinadarin da ke cin launi, wasu kuma da hasken leza mai ƙone shunin da ke saman zare. Furen da aka samu ta haka fari-fari ne ko shuɗi mai haske, kuma ba shi da tauri ko kaɗan.

5. Saƙa da wanki

Fuskar jins ba sumul take ba, tana da ƙananan kunyoyi a karkace. Saboda haka siraran layuka, kamar jijiyoyin ganye, sukan kakkarye, manyan furanni kuwa su fito sosai. Haka kuma, shuni yana raguwa da kowane wanki. Farin furen da ya fito fili a kan sabon wando yana rage fitowa yayin da yadin ke koɗewa, mai duhun da ya ɓuya a da kuma ya fara bayyana.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa ba a zaɓar launin fure sai an san yadin da zai hau. Wannan ne ya sa masu sana'ar sukan fara buga zanen a kan ƙyalle na kowane launi, su wanke shi, su shanya, su duba shi a hasken rana, kafin su taɓa bandir.