Ina Tsohon Dokin Sukuwa Yake Ƙarewa?

Ranar hawan salla a ƙasar Gwandu, ko a Jega ne, ko Aliero ko Maiyama, idon jama'a yana kan ingarman da ya sha ado yana rausaya. Ba kasafai ake tambayar inda zakaran shekarun baya ya shiga ba.

Doki yakan kai shekara 25 zuwa 30 idan ya samu kulawa, amma na sukuwa gudunsa yakan ja baya tun bai cika goma ba. Sauran shekarun duk na ci ne: gero, dusa, harawa da kanwa, ga kuɗin magani. Da bazara harawa takan yi tsada, tsohon doki kuma haƙoransa sun suɗe, sai an jiƙa masa dusa. Shi ya sa masu doki da yawa ke kiran dillali. Hausawa ba su cika cin naman doki ba, amma akwai kasuwarsa a kudu, irin ta Obollo-Afor a jihar Inugu, inda ake kai dawakin arewa yanka.

Ko dokin da ya yi suna bai tsira daga wannan ba. Ferdinand, wanda ya lashe tseren Kentucky Derby a Amurka a 1986, an sayar da shi Japan domin barbara, daga baya labari ya fito cewa a mahauta ya ƙare wajen 2002. Abin ya girgiza masoya doki. A 2003 wani tsohon ɗan jarida, Michael Blowen, ya kafa gandun Old Friends a jihar Kentucky, inda dawakin da suka bar fage ke kiwo har ajalinsu. Masu ziyara da masu ba da gudummawa ne ke ciyar da su. A Ingila kuwa, ƙungiyar Retraining of Racehorses da aka kafa a 2000 takan taimaka a sake horar da su domin folo ko kilisa.

Ban da tsufa, akwai kuma karaya. Aliero ta shahara da masu ɗori, har daga nesa ake kawo musu masu karaya. Sai dai karayar doki daban take. Dokin tseren Turai yakan kai kilo 500, kuma daga gwiwa zuwa kofato ba tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata. Ba ya iya kwanciya ta makonni kamar mutum. Idan ya jingina nauyinsa kan ƙafa uku, cikin kofaton mai lafiya sai ya kumbura. Haka ta faru da Barbaro, wanda ya karye a fagen tsere a 2006: likitoci sun yi wata takwas suna fama, a Janairun 2007 suka haƙura. Don haka masana ke son a sauke wa doki sirdin sukuwa tun ƙafafunsa na da lafiya.

Kayan aikin kafa gandu irin na Old Friends ba su yi wa yankin Jega nisa ba. Ga fadamar Gulbin Zamfara, ga harawar wake, ga masu kula da barga da suka gaji sana'ar, ga tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin abinci. A Amurka, tun 2012 ƙungiyar Thoroughbred Aftercare Alliance ke karɓar ɗan kaso daga masu kiwo, kamfanonin gwanjon dawaki da filayen tsere, tana raba wa gandayen da ta tantance.